Tumakin da Suka Bi Rediyo

Akwai wani makiyayi a wani ƙauye a gindin dutse, sunansa Habila. Gonarsa ba ta kai a kira ta gona ba, kasuwanci kuma bai iya ba. Tumaki ne gonarsa, su ne kuma rumbunsa. Rabin garken nasa ne, rabi kuwa amana ce. Gama al'adar ƙauyen ita ce, wanda ƙarfinsa ya ƙare sai ya kai tunkiyarsa wurin makiyayi. In ta haihu, haihuwar fari ta mai ita ce, ta biyu ta mai kiwo. Haka tsofaffi da gwauraye suka tara masa nasu, har da wata tsohuwa mai kaifin baki da ake kira Gwaggo Lai'atu, wadda tunkiya ɗaya tak ta mallaka a duniya.

Habila ya san tumakinsa ɗaya-ɗaya, kowace da sunanta. Akwai Kunnen-Jaki, uwar garke. Akwai Gajeriya. Akwai Ɓarauniya, wadda ba ta taɓa wuce gonar wake ba tare da ta miƙa wuya ba. Yana da kiransa na kansa: ya yi fito gajere, sa'an nan ya ɗaga murya ya ambaci suna. Yini guda bakinsa ba ya hutawa. Ya yi wa wannan faɗa, ya lallashi waccan, ya ba su labarin abin da ya faru a kasuwa. Mutanen ƙauye sukan ce Habila ya fi yi wa tumaki hira a kan mutane.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Karatunsa bai yi nisa ba. In ya buɗe littafi, sai haruffan su riƙa watsewa a idonsa kamar tururuwa. Ga shi kuwa maza a zumuntar ikkilisiya sun yi shawara cewa kowa zai riƙa gama littafi ɗaya a wata, ya zo ya faɗa a taron ƙarshen wata. In aka zo wurin, Habila yakan koma bencin baya ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Ana nan sai ya ji labarin wani mutum a kasuwa da ke zuba wa mutane littattafai a memori, waɗanda wani mai karatu ya karanta da baki. Habila ya sayar da ɗan rago, ya sayi ƙaramin rediyo mai cin memori, irin wanda ake shanyawa a rana ya yi caji. Ya ɗaura masa igiya, ya rataya a wuya. Ya ce wa matarsa Afiniki, “Daga yau, wata ba zai mutu ba sai na gama littafi ɗaya.”

Ya kuwa cika maganarsa. Da sassafe sai ya kunna rediyo, sa'an nan ya buɗe ƙofar garke. Da shi a kunne yake kai tumakin rafi, da shi a kunne yake zuba musu dusa da kanwa da yamma. Mai karatun mutum ne mai murya mai kauri, mai sanyi, ba ya gaggawa, kuma shi ne ya karanta dukan littattafan. Akwai na haƙuri, akwai na renon 'ya'ya, akwai labaran mutanen da suka sha wuya saboda bangaskiya. Littattafai ne masu kyau, kada wani ya ce na ce ba su da kyau.

Amma Habila ba ya so ko kalma ɗaya ta wuce shi, domin in ya koma baya zai makara, wata kuma ba ya jira. Saboda haka ya rufe bakinsa. In tunkiya ta kauce, maimakon ya kira ta, sai ya jefa mata ɗan hoge ta dawo. In lokacin tashi ya yi, sai kawai ya miƙe ya kama hanya, garken ya biyo shi. Ya ga suna bi, sai ya ce a ransa ashe ma kiran wahalar banza ce.

A taron ƙarshen wata kuwa ya bar bencin baya. In aka zo kansa sai ya miƙe ya ce, “Na gama nawa.” A tafa masa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke ciki.

Wata rana da yamma Afiniki tana tankaɗe, ta ce, “Baban Tabita, dā tun daga rafi nake jiyo muryarka, in san lokacin ɗora ruwan tuwo ya yi. Yanzu wani baƙo ne ke yin sallama a madadinka.”

Ya ce, “Baƙon nan ai ya fi ni iya magana.”

Ta ce, “Ya fi ka. Amma ba shi na aura ba.”

Ya yi dariya, ya ƙara wa rediyon murya.

Haka damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya zo ya wuce. Tumaki suka haihu, 'ya'yan suka bar nono, suka fara cin ciyawa da kansu. Tunkiyar Gwaggo Lai'atu ma ta haifi ɗan rago fari mai baƙin kunne, haihuwar fari, wato rabon tsohuwar ke nan.

Ran nan, ranar kasuwa, sai ga Barnabas ƙanin Afiniki ya biyo ta makiyaya. Tela ne a garin da ke bakin titi, kuma tsakaninsa da Habila akwai wasa. Ya same shi a ƙarƙashin ɗorawa, tumaki suna kwance suna tuƙa.

Barnabas ya ce, “Mijin yaya, an ce ka zama malami. Waɗannan ne ɗaliban naka?”

Habila ya ce, “Sun fi ka ɗaukar karatu. Kai ma da za ka zauna nan wata guda, da ka daina ɗinka wa mutane wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.”

“Ƙafafun mutanen ƙauyenku ne ba daidai ba. Kunna mana abin mu ji.”

Habila ya kunna. Barnabas ya saurara kaɗan, labarin ya shiga ransa. Ya ce, “Yaya, ara mini mana. In ji shi ina ɗinki.”

Habila kuwa jiya-jiya ya gama littafin watan, zuciyarsa fari ƙal. Ya kashe rediyon, ya cire daga wuyansa, ya miƙa masa. Ya ce, “Ka dawo mini da shi kafin sabon wata ya tsaya. Kada kuma ka ɗinke shi a aljihun wani.”

Barnabas ya rataya, ya yi sallama. Habila ya jingina da ɗorawa, ya ja hula ya rufe fuska, barci ya ɗan ɗauke shi.

Barnabas bai yi nisa ba sai ya ƙosa, ya kunna rediyon, ya ci gaba da tafiya hankalinsa na cikin labari. Da muryar mai karatu ta tashi, sai ƙananan tumakin nan da aka haifa a cikin shekarar suka ɗaga kai. Ɗaya ya miƙe, wani ya miƙe. Tun da suka zo duniya, in wannan murya ta motsa, to, ciyawa ce a gaba, ko ruwa, ko dusa. Suka jeru a bayan Barnabas suka bi shi, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba.

Kukan Kunnen-Jaki ne ya ta da Habila. Ya ɗaga hula, ya ga tsofaffin tumaki a wurinsu, ƙananan babu. Ya hango su can nesa, sun yi layi a kan hanyar da ta nufi titi.

Ya sa yatsu a baki ya yi fito. Da farko iska ce kawai ta fita, sai a na biyu ya yi ƙara. Tsofaffin suka miƙe suka kewaye shi. Ƙananan ko kunne ba su karkaɗa ba. Ya buɗe baki zai kira su da suna, sai bakin ya tsaya a buɗe. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya raɗa wa suna.

Sai ya sheƙa da gudu, tsofaffin suna biye da shi.

Kafin ya kai, Barnabas ya riga ya tsai da mai babur ya hau, rediyon yana ta magana a ƙirjinsa. Da babur ya ja, ƙananan tumakin suka afka kan titi suna bin muryar. Sai ga wata motar kaya ta taso daga gangare. Direban ya taka birki, ya danna ƙaho, tumaki suka watse ko'ina, wasu cikin rami, wasu cikin gonar mutane. Da motar ta tsaya, ɗan rago fari mai baƙin kunne yana kwance a gefen titi, ba ya motsi.

Barnabas ya sauko ya dawo a guje, ya kashe rediyon. Ya ce, “Yaya, Allah ya sani ban san suna bayana ba.”

Habila ya juya ga tumakinsa. Ya tsaya bakin titi yana fito, yana kira, har maƙogwaronsa ya bushe. Ƙananan suna jin sa kamar yadda suke jin kukan tsuntsu. Wani ma ƙara nisa yake yi, ga motocin kasuwa suna ta wucewa.

Barnabas ya ce a hankali, “In kunna?”

Habila ya dubi tumakin da suka watse. Sa'an nan ya ce, “Kunna.”

Ya kunna. Mai karatu ya ci gaba daga inda ya tsaya, da muryarsa mai sanyi, bai san abin da ya faru ba. Sai ga tumaki suna fitowa daga rami, daga gona, daga bayan ƙaya, suka taru a gaban tela. Makiyayi yana tsaye a gefe yana kallo kamar ɗan kallo a bikin wani.

Da ya mai da garken gida, ya saɓa mataccen ɗan ragon a kafaɗa, ya nufi gidan Gwaggo Lai'atu. Ya tarar da ita tana ɓare gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye shi a gabanta.

Ta dube shi, ta ce, “Me ya same shi?”

“Mota ce, Gwaggo.”

“Me ya kai shi titi?”

Ya faɗa mata duka, bai ɓoye kome ba.

Ta ce, “Ka kira shi?”

“Na kira.”

“Da wane suna?”

Habila ya dubi ɗan ragon da ke kwance a gabanta.

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce, “Habila, na kai maka tunkiyata ne don na sha jin yadda kake kiran naka. Da rediyo nake so ya yi mini kiwo, ai maƙwabcina yana da babba, ya fi naka ƙara.”

Ya ce, “Zan kawo miki ɗaya daga cikin nawa a madadinsa.”

Ta ce, “Za ka kawo, zan kuma karɓa, ba kunyarka nake ji ba. Amma ramuwa daban, amana daban. Ba zan ɗauke uwar yau ba. In ta sake haihuwa, abin da ta haifa ya fara cin ciyawa, zan zo da kaina. A kunna abin nan a gefe ɗaya, kai ka tsaya a gefe ɗaya ka yi kira. In ya tafi wurin rediyo, in ja tunkiyata in tafi, duk wanda ya tambaye ni dalili kuma in gaya masa.”

Habila ya san in Gwaggo Lai'atu ta ja tata, sauran ma za su ja nasu. Ya koma gida, ya ɗauki rediyon da Barnabas ya bari, ya ɗaga shi zai buga a kan dutsen niƙa.

Afiniki ta ce, “Me ya yi maka? Shi ya ce ka rufe bakinka? Ajiye shi. Zauna ka gaya mini, littafin da ka gama jiya, me ya ce?”

Ya zauna. Ya ce, “Wani mutum ne... ya bar garinsu, ya yi tafiya.”

“Ya je ina?”

Ya sosa kai.

“Na watan da ya wuce fa?”

“Na haƙuri ne.”

“To, me aka ce game da haƙurin?”

“A yi shi.”

Ta ce, “Wannan ai ko ni da ban saurara ba na sani. Shekara guda kana ɗiban ruwa da kwando, maigida.”

Kashegari Habila ya buɗe garke da bakinsa, rediyo yana cikin jaka a kashe. Ya bi ƙananan ɗaya-ɗaya ya raɗa musu suna. Yakan sa dusa a tafin hannu, ya kira sunan, ya jira. Da farko ba su kula shi ba, har wata ta juya masa baya ta ci gaba da kiwonta. Bai jefi kowa da hoge ba. Ya yi ta kira.

Sauraro kuwa bai daina ba. Sai rana ta take, garke ya kwanta, sa'an nan ya fito da rediyon, ya rage murya, ya kara a kunne, ya ji ɗan guntu, ya kashe. In sun tashi, sai ya riƙa maimaita musu abin da ya ji da nasa kalmomin. “Kin ji, Ɓarauniya, mutumin nan da aka ƙwace wa gona bai rama ba. Ke da an taɓa miki dusa ai sai kin tunkuyi mutum.” In ya zo wurin da ya kasa faɗa, ya san bai gane ba ke nan, sai gobe ya koma baya ya sake ji. Da yamma kuma abin da ya gaya wa tumaki shi yake gaya wa Afiniki da 'yarsu Tabita a bakin tuwo, har su yi ta musu a kai.

Wata ya mutu, littafi yana rabi. A taron maza aka zo kansa, ya miƙe ya ce, “Ban gama ba.”

Wani ya ce, “Af, malamin tumaki ya faɗi jarrabawa.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, “Na faɗi. A ba ni wata biyu a kan wannan.” Ya zauna.

Da lokaci ya yi, tunkiyar Gwaggo Lai'atu ta haifi 'yar tunkiya, Habila ya sa mata suna Tagwaggo tun ranar da ta faɗo. Da ta fara cin ciyawa, tsohuwar ta dogara sandarta ta zo makiyaya, ta sa aka kira Barnabas. Ta tsai da shi a gabas da rediyo, Habila a yamma, garke a tsakiya.

Ta ce, “Kunna, ka ƙure murya.”

Muryar mai karatu ta tashi. Tumaki suka ɗaga kai. Habila ya yi fito, ya ce, “Tagwaggo, taho.” 'Yar tunkiyar ta bar uwarta, ta yi tsalle ta zo ta cusa kai a gwiwarsa. Ya ci gaba da kiran sunaye, garken ya gangaro wurinsa. Sai biyu daga cikin waɗanda suka tashi da rediyo, suka tsaya suka dube shi, suka dubi Barnabas, suka tafi wurin Barnabas.

Gwaggo Lai'atu ta ce, “Tunkiyata ta zauna a hannunka.” Ta nuna biyun da sanda. “Waɗancan fa?”

Ya ce, “Ina kan aiki, Gwaggo.”

Ta ce, “Za ka daɗe kana yi.” Ta juya ta kama hanyar gida.

To, ku buɗe kunne, ma'anar wannan misali ita ce. Makiyayin nan kai ne uba, ke ce uwa, ku ne masu koyar da yara ran Lahadi. Tumakin su ne 'ya'yan da ke hannunku, kuma ku sani amana ce, akwai Mai su, zai kuma zo ya tsaya ya ce ku kira ya gani. Rediyon shi ne duk wani abu mai kyau da kuke ji daga bakin wani: littafin da ake karanta muku a waya, wa'azi, waƙar yabo.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce an hana sauraron littafi. Wanda idonsa ya gaza, ko makaranta ta wuce shi, ko aiki ya hana shi zama, Allah ya buɗe masa ƙofa ta kunne, sai ya shiga da godiya. Ɗaukar niyyar gama littafi ɗaya a wata abu ne mai kyau, ya fi zaman gulma a gindin bishiya. Amma da yawa a cikinku “na gama” ɗin kuke so, domin a tafa muku. In aka ce ku faɗi abin da ke ciki, sai sosa kai. Abin da ya shiga kunnenka bai zama naka ba sai ranar da ka iya fito da shi ta bakinka, ka kuma aikata shi da hannunka.

Ga kuma wadda ta fi zafi. Akwai gidaje a cikinmu da Maganar Allah take tashi tun safe har yamma, amma daga waya take tashi. Uba bai taɓa buɗe baki ya yi addu'a da ɗansa ba. Uwa ta miƙa wa yarinya waya don ta bar ta ta huta. Kuna ganin yaran suna biye da ku zuwa sujada, kuna cewa lafiya lau. Habila ma haka ya ce. Ku lura, Barnabas ba ɓarawo ba ne, ba shi da mugun nufi ko kaɗan, duk da haka ɗan rago ya mutu. To, ina ga ranar da mai mugun nufi ne ya riƙe abin da yaranku suka saba bi?

Saboda haka ga aikin wannan wata. Ka saurari littafinka. In ka ji guntu, kashe. Da yamma a bakin abinci ka faɗa wa mutanen gidanka da naka bakin, ko da kana tuntuɓe, ko da mai karatun ya fi ka iya Hausa. Ka kira kowane yaro da sunansa, ka tambaye shi me ya gani a ciki, ka bar shi ya yi maka gardama. In littafin bai ƙare ba wata ya mutu, ba wanda zai kama ka, wani watan yana zuwa. Ƙuruciyar ɗanka ce ba ta dawowa.

Masu ƙanana, ku fara yau, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu manya da suka riga suka juya baya, kada ku fid da rai, ku yi ta kira, amma ku sani za ku daɗe kuna yi. Gama ranar da ɗanka zai sa ƙafa a kan titi, ba ranar koya masa muryarka ba ce. Ko ya riga ya san ta, ko ka tsaya kana kallo.